Motar Musaddiq da Ƙanƙarar Iya

Sallama gare ku, 'yan uwana masu bibiyar wannan shafi. Waɗanda suka yi ta turo saƙo suna tambaya ko an sa rana, ku gafarce ni da shirun da na yi. Ba ƙin amsawa na yi ba, na rasa ta inda zan fara ne. A aji, idan yaro ya kawo mini amsar da ba daidai ba, ba na yi masa faɗa. Nakan ja kujera kusa da shi in ce mu koma layin farko, mu bi a hankali har mu ga inda kuskuren ya shigo. To yau ni ce yaron. Mu koma layin farko.

Ga wanda yau ya fara karantawa, sunana Khairunnisa, ina koyar da lissafi a wata firamare a cikin garin Daura. Tun rasuwar Baba, ni da mahaifiyata Iya muke zaune a gidanmu, tana sana'ar ƙanƙara da zoɓo da kunun aya. Mai nemana kuwa Musaddiq ne, ɗan Dutsi, mai haɗa wa mutane sola a gidaje da rijiyoyin burtsatse. Shi ne mai farar a-kori-kurar nan da ba ta shan mai, wadda idan ta wuce ba ka jin komai sai ƙarar tayoyinta. A shagonsa yake ba ta caji da farantan sola, daga safe har yamma kafin ta cika.

Akwai wata yamma da ya zo zance, na tsokane shi na ce ina son ganin cikin wannan abin da duk unguwa ke leƙe. Ya buɗe mini ƙofa na tsaya daga waje, ya nuna mini ɗan allon da ke gaban sitiyari. Lamba biyu ce a jiki. Ɗaya ta ce kashi ɗari, ɗaya ta ce kilomita ɗari uku.

"Wannan ta biyun, Malama, irin ɗalibinki ce da za ki tambaya ko ya gane ya ce miki ya gane," in ji shi. "Sai ranar jarrabawa ki ga gaskiya."

Ya yi mini bayani dalla-dalla, yadda nake so a yi bayani. Ya ce ɗari ukun nan na motar da ba ta ɗauke da komai ne, a kan kwalta mai santsi, cikin sanyin safiya, ba gudu. Shi da yake yawo da ita cikin zafin ƙasarmu, da kayan aiki a baya, in ya samu ɗari biyu ya gode Allah. Idan kaya suka yi nauyi, ta rage. Idan aka kunna esi don sanyaya ciki, shi ma yana da nasa rabon. Idan ka taka ta da gudu, iska kaɗai ta ishe ka asara. Yashi kuwa, ya ce, ninki biyu yake ci. Don haka shi ba ya kallon kilomitar allo sam, kashin batir yake kallo ya yi nasa lissafin a ka.

Na gyaɗa kai na ce na gane. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Waliyyina Baffa Ɗantsoho ne, yayan Baba, falken shanu, yana zaune a ƙauyenmu na asali gaba da Mai'adua, inda kwalta ta ƙare sai yashi har kusa da iyaka. Ba mutum ne mai tsanani ba. Yana da dariya, yana da kyauta. Amma abu ɗaya ne ba ya yafewa, shi ne a yi masa alkawarin lokaci a saɓa. Da aka kai masa maganar Musaddiq, ya ce manyansa su zo ranar Asabar bayan azahar a yi magana a sa rana, don washegari zai ci kasuwar Mai'adua, daga nan ya bi shanunsa Kurmi, ba mai sake ganinsa sai bayan kaka. Ya ƙara da cewa a zo masa da motar nan da ake ta ba shi labari, ya ga da idonsa yadda ƙarfe ke tafiya ba mai.

Kun san ni da Musaddiq ba mu da kujera a irin wannan zama. Shi ma direba kawai zai zama, don ba wanda ya yarda ya taɓa sitiyarin motarsa. Zai je Dutsi ya ɗauko baffansa Alhaji Saminu da limamin unguwarsu, ya dawo ta Daura ya ɗauki ƙanwar Baba, Gwaggo Shatu, wadda za ta je ganin gida, sannan su miƙa. Ya auna tafiyar ya ce da cikakken batir za ta kai su ta dawo da su Daura, har da ɗan ragi.

To a wurinmu mota ba ta tafiya ƙauye fayau. Da Iya ta ji, sai ta aika masa ya kawo motar tun ranar Juma'a a yi lodi, akwai takin zamani da gishiri da za a kai wa Baffa tunda damina ta matso. Ni na san har da son a ga motar a ƙofar gidanmu, amma wannan tsakanina da ku ne.

Ya kawo ta bayan an sauko daga masallaci, cike taf. Ya shiga ya durƙusa ya gaida Iya, kansa a ƙasa kamar kullum. Da na rako shi zaure sai ya miƙo mini makulli, ya rage murya. Abu biyu ya roƙe ni. Na farko, kada kaya su wuce buhu shida. Na biyu, soket ɗin da ke bayan motar, wanda ya taɓa nuna mana muka yi cajin waya, a bar shi a cajin waya kawai.

"Ni ba ni da bakin da zan ce wa Iya a'a," ya ce. "Ko cewa ta yi in ɗora gidan nan a baya, to zan ce. Ke ce bakina a nan."

Na ce, "Injiniya, je ka kwantar da hankalinka."

Ya hau ɗan acaɓa ya tafi yana waiwaye, ban sani ba ko ni yake waiwaye ko motar.

Abin da ban gaya muku ba, transfomar unguwarmu ta ƙone tun makon da ya gabata. Firizar Iya ta zama akwatin ajiyar kwanuka. Kullum sai ta buɗe ta ta leƙa ta rufe, kamar mai duba mara lafiya. Da la'asar ta yi, ina ɗaki ina duba littattafan yara, sai ga ta a bakin ƙofa da doguwar wayar wuta a naɗe a hannu. Ta ce ba wani abu ba ne, ɗan kunun aya ne take so ta daskarar ta aika wa Baffa, mutum yana cikin wannan zafin, kuma abin kunya ne a je masa daga gidan mai ƙanƙara hannu rabbana. Zuwa magariba ma an cire.

Na kalli wayar, na kalli Iya. Na tuna firiza ba ta da wani ci. Da hannuna na buɗe marfin soket ɗin na jona.

Ba a jima ba sai ga Madam Clementina maƙwabciyarmu, wadda ta sha ba Iya aron janaretonta ba ta taɓa karɓar ko sisi ba, kifinta na sayarwa yana neman lalacewa. Wa zai hana ta? Aka ƙara waya. Daga nan matar mai ɗinki ta turo da dutsen guga, akwai ɗinkin biki da za a karɓa. Gidan da ke kallonmu suka ce tankinsu ya bushe, ko za a ɗan tayar musu da injin ruwa. Kafin rana ta faɗi ƙofar gidanmu ta zama kamar gidan suna. Wayoyi sun kai ashirin a jere a kan tabarma, mata suna shiga suna fita, wata tana markaɗe, wata tana tafasa ruwa a butar lantarki, kowa yana faɗin Iya ta yi dacen suruki.

Zan iya ce muku kunya ce ta hana ni magana, kuma akwai ta. Amma ba ita kaɗai ba ce. Daɗi nake ji. Duk wadda ta ce “mijin Malama” sai in sunkuyar da kai kamar ban ji ba, alhali na ji har cikin ƙashina. Da dutsen gugar ya samu sarari, ni ma na ɗauko atamfofina da hijabaina na makaranta na goge su tas.

Bayan magariba na zagaya na leƙa allon. Kashi saba'in da tara. Na sake dubawa. Sai idona ya sauka a kan lamba ta biyu, ta ce kilomita ɗari biyu da talatin da bakwai. Na yi ɗebewa a ka, na ga ai tafiyar duka ba ta kai haka ba, har da canji. Ni da nake hana yara kwafar amsa daga allo ba su yi aikin da kansu ba, na kwafi lambar da aka ce kada in yarda da ita, don ita ce ta gaya mini abin da nake son ji. Na bar firizoji biyu suka kwana a jone. Da asuba kuma masu tanki suka sake tayar da injinsu, wasu suka biyo bayansu.

Da hantsi Musaddiq ya iso cikin farar shadda mai aikin ruwan toka a wuya, hularsa a karye gefe, ƙamshin turarensa ya riga shi shiga zaure. Ina bayan ƙyaure ina leƙensa ta tsagar katako. Ya buɗe motar ya duƙa. Ya daɗe a duƙe. Da ya miƙe sai ya kalli wayar wutar da aka naɗe aka jingine jikin taya, ya zagaya baya ya bi buhunan da ido. Goma ne, an ɗaure su tamau da igiya, Iya da kanta ta tsaya a kai.

Ya shiga ya durƙusa. Iya ta yi ta sa masa albarka, ta ce motarsa ta yi wa unguwa rana, har ta lissafa masa gidajen da suka sha ruwa ta dalilinsa. Na ji shi da kunnena ya ce, "Ai don haka aka yi ta, Iya."

Ba lokacin komawa shago a yi caji, don wannan aikin wuni ne. Yana fita wayata ta yi ƙara.

“Malama, saura kashi 58.”

Na rubuta, “Allon ya ce saura kilomita 174. Ai zai kai ku ko?”

Ya turo hoton fuska mai dariya da hawaye. “Wa ya koya miki yarda da allo?” Kafin in amsa wani ya shigo. “Ba komai. Zan bi a hankali, ba esi, ba gudu. Dawowa kuma Allah ya san yadda zai yi da mu. Amma in na zo ɗaukar Gwaggo, don Allah a sauke mini buhu huɗu. In an yi haka za mu isa.”

Na ce to. Sau biyu ke nan ina yi masa alkawari.

Yana kan hanyar Dutsi Gwaggo Shatu ta iso da akwatinta da ƙunshin kayanta da tsohon keken ɗinki na ƙarfe da za ta kai wa jikarta. Wani dattijo ɗan ƙauyenmu da ke zaune a Daura ya ji labarin mota, ya turo siminti buhu biyu na gyaran masallacin can. Iya kuma ta cika babbar kula da ƙanƙara da robobin kunun aya da suka daskare kamar dutse, ta lulluɓe da buhu. Duk aka jera a zaure ana jira.

Na shiga ɗakin Iya na same su a kan gado suna cin goro. Na zauna a ƙasa, na gyara ɗankwalina, na ce, "Iya, motar nan fa ance nauyi yana rage mata tafiya."

Gwaggo ta cire goron daga baki ta kalle ni sama da ƙasa.

"Ikon Allah. Tun ba a kai ki ba kin fara tausayin motarsa? To in an kai ki sai ki riƙa goya ta."

Suka kwashe da dariya har Iya tana share hawaye. Iya ta ce ƙarfe ne fa, ba jaki ba, kuma ai yaron da bakinsa bai ce komai ba. Gaskiya ta faɗa. Bai ce ba, don ya bar wa bakinsa aikin, bakin kuma ya tashi ya fita tsakar gida yana wanke kwanukan da aka riga aka wanke.

Da suka dawo daga Dutsi rana ta take. Alhaji Saminu da liman suna kujerar baya, gilasai a sauke, babbar rigar Alhaji ta jiƙe a ƙirji. Matasan unguwa suka fara ɗora kaya tun motar ba ta gama tsayawa ba. Musaddiq ya fito ya tsaya yana kallon keken ɗinki yana hawa, siminti yana hawa, bayan motar yana ƙara zama ƙasa. Ya juyo ya kalli ƙofar gidanmu. Ya san ina bayanta.

“29. Malama?”

Wayar tana hannuna, Iya tana tsaye a gabana tana nuna inda za a sa kula. Taku ɗaya ne tsakaninmu. Na rubuta, “An riga an ɗaure. Ka yi haƙuri.”

Na ga lokacin da ya karanta. Ya mayar da wayar aljihu, ya buɗe wa Gwaggo ƙofar gaba, ya riƙe mata jakarta har ta zauna. Tana zama ta ce ita da hawan jininta ba za ta iya wannan gashin ba, a ɗage gilasai a kunna mata sanyin da ake faɗa. Na ga gilasan suna hawa.

Daga Mai'adua saƙo ɗaya ya turo. “13. Na ce mu bar ta a nan mu nemi acaɓa. Gwaggo ta ce ba za ta bar kayan Iya a bakin titi jajiberin kasuwa ba. Alhaji ya leƙa allo ya ga kilomita 39, ya ce ƙauyen bai kai rabin haka ba, kuma Baffanki ya ce mota yake son gani. Ki yi mana addu'a.”

Daga nan ban sake jin ɗuriyarsa ba, don can sabis sai an hau tudu.

Aka kira azahar na yi salla na zauna a kan sallaya. Iya ta zubo mini dambu na ce na ƙoshi. Na ɗauko littattafan yara in rage lokaci, na ga ina ba wa amsar kuskure maki. Duk ƙarar da waya ta yi sai in zabura, in ga ƙawata ce tana tambayar kalar ankon da za mu fitar. Aka kira la'asar. Inuwar katanga ta cinye tsakar gida.

Sai wayar Iya ta yi ƙara. Gwaggo ce. Iya ta sa a lasifika ta ajiye a cinya, don tana tsammanin guɗa za ta ji.

Gwaggo ta ce tun da suka sauka daga kwalta motar ta fara nishi ba sauti. Lambar allo da Alhaji ya dogara da ita ta riƙa zubewa kamar ana ɗiba da ludayi. Yaron ya kashe esi, ya roƙe ta gafara har sau uku a kan haka. Can sai wani hoton kunkuru ya fito a allon, motar kuwa ta koma tafiyar kunkurun, har ta tsaya cak a tsakiyar yashi, ba gida gaba ba gida baya, sai kalgo da sabara. Suka zauna a inuwar da ba ta kai ta rufe mutum biyu ba. Daga ƙarshe wani mai amalanke ya zo wucewa, aka ɗora Alhaji Saminu da babbar rigarsa da liman da ita kanta a kan buhunan ƙaiƙayi. Motar kuma bijiman Baffa biyu aka tura suka jawo ta, Musaddiq yana ciki yana riƙe da sitiyari, rabin ƙauye suna biye da shi.

"Ya ga mota da idonsa kam," in ji Gwaggo. "Shanunsa ne ma suka kawo masa ita."

Ba wanda ya yi dariya a ɗakinmu.

Ta ce Baffa ya tara dattawan ƙauye tun azahar, ya yanka rago, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Suka jira har tuwo ya huce, har aka tashi la'asar kowa ya kama gabansa. Da baƙi suka iso ya karɓe su da mutunci, ya ba su ruwa da abinci, amma ƙwaryar goron da suka zo da ita bai bari an buɗe ba. Sai ya yi abin da ba a saba ba, ya ce a kira masa yaron ciki. Ya tambaye shi ko bai san ƙarfin motarsa ba ne lokacin da ya ɗauki alkawari.

Gwaggo ta ce yaron yana durƙushe, shaddarsa duk yashi, ya ce, "Na sani, Baffa. Lissafina ne ya kuskure." Bai ƙara ko kalma ba.

Baffa ya ce shi 'yar ƙaninsa amana ce a hannunsa, ba zai miƙa ta ga wanda ke alkawarin abin da bai auna ba. A bar maganar sai ya dawo daga Kurmi ya yi tunani. Duk wanda ya san Baffa ya san abin da tunaninsa ke nufi.

Da aka kashe wayar Iya ta ajiye ta a gefen gado. Can ta ce, a hankali, ita fa ba ta san haka abin yake ba, ta ɗauka kamar rijiya ce, ana ɗiba tana kawowa. Na yarda da ita. Ba ta sani ba. Mutum ɗaya ne a gidan nan aka zaunar aka koya wa, ya ce ya gane.

Sai kuma ta kama hannuna. Ta ce maganar jiya ta tsaya a ɗakin nan. Kun san tun rasuwar Baba, Baffa yake cewa zaman birni ya sa wa Iya son a gani, ya so ta tattara mu koma ƙauye ta ƙi. In ya ji cewa ita ta tara unguwa a kan motar baƙo har ta ja wa baƙinsa wannan wulaƙanci, ta ce, ba za ta sake ɗaga kai a gaban dangin mijinta ba. Yaron ai ya rufa mana asiri, Allah ya yi masa albarka. A bari ƙura ta lafa, bayan kaka a sake aikawa.

Ina zaune a wurin saƙonsa ya shigo, da alama ya samu tudun. Hoto ne, an ɗauka daga cikin mota, ƙahonnin bijimai biyu a gaban gilashi. A ƙasa ya rubuta, “Yau dai ta samu injin da ba ya neman caji.” Sai na biyu. “Kada ki ce komai, Malama. Iya ce. Ni zan san yadda zan yi.”

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na kifa wayar a cinya na kalli hijabaina da ke rataye a ƙusa, a goge sumul, ba ko lanƙwasa ɗaya.

Gab da magariba wayata ta sake ƙara. Ba saƙo ba ne, kira ne, kuma sunan da ya fito ya sa na miƙe tsaye ban sani ba. Baffa bai taɓa kirana da kansa ba, sai dai ya kira Iya ya ce a ba ni. Na ɗauka na durƙusa kamar yana gabana, na gaishe shi. Ya amsa a natse, ya tambayi makaranta, ya tambayi yara. Ina jin kukan shanu a bayansa, da wani ƙwas-ƙwas kamar ana buga abu mai tauri a jikin kwano.

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsu aka sa mini, "tambaya ɗaya zan yi miki, don ke malama ce, ba kya koya wa 'ya'yan mutane ƙarya. An buɗe kular da Iyarki ta aiko. Ga kunun aya a hannuna, wuni guda yana cikin rana, har yanzu sai da na sa wuƙa. Shekaranjiya da bakinta ta ce mini unguwarku ba wuta tun makon jiya, sana'arta ta tsaya. To da me aka daskarar da wannan?"

Ɗakin ƙarami ne, Iya ta ji komai. Ta taso daga bakin gado ta tsaya a kaina. Ba ta yi fushi ba, ba ta harare ni ba. Idanunta ne kawai suka cika. Ta miƙo hannu, tafin a buɗe, irin miƙowar da tun ina ƙarama in ta yi nake sa mata duk abin da ke hannuna.

"Ba ni shi," ta ce a hankali.

Na kalli hannun. Hannun da ya daka aya ya biya mini kuɗin makaranta har na zama abin da na zama. Na kama shi da hannuna na hagu na riƙe gam, na mayar da wayar ɗaya kunnen, nesa da ita.

"Baffa," na ce, "in kana tsaye ka samu wuri ka zauna. Kuma don Allah a kira Alhaji Saminu ya zo kusa, kada su kama hanya tukuna. Daga layin farko zan fara."